Tambaya da Amsa: Kundin ma'amaloli ya cinye faifai, mu goge shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sarin kaya a Tawa, manhajar lissafinmu kuma tana kan SQL Server 2016, sabar rumbun bayanai ta Microsoft. Fayil ɗin bayanai, mai ƙarewa da .mdf, giga 80 ne, amma kundin ma'amaloli, mai ƙarewa da .ldf, ya kai giga 210. Saura giga 15 faifan ya cika. Wani ya ce mu tsayar da sabar mu goge kundin, wani ya ce mu kunna AUTO_SHRINK, wato sabar ta riƙa matse fayil da kanta. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku bi ko ɗaya. A kundin nan sabar ke rubuta kowane canji kafin ya shiga fayil ɗin bayanai, da shi kuma take gyara kanta idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. In kuka goge shi akwai ma'amalar da ba ta kammala ba, rumbun na iya ƙin buɗewa gaba ɗaya. AUTO_SHRINK kuwa sai ta matse, aiki ya sake kumbura fayil, ta sake matsewa, faifai na ta wahala ba gaira ba dalili.

Ku fara tambayar sabar abin da ya hana ta sake amfani da wurin:

SELECT name, recovery_model_desc, log_reuse_wait_desc FROM sys.databases

Da girman da kuka faɗa, mun fi zaton za ku ga FULL da LOG_BACKUP. Ma'ana rumbun yana kan tsarin da ke riƙe kowace ma'amala har sai an ɗauki kwafin ajiya na kundin kansa. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: suna ɗaukar cikakken kwafi kowane dare, suna zaton ya wadatar. Cikakken kwafi ba ya sakin wuri a kundi ko kaɗan, BACKUP LOG ne ke yin haka. In kuma ACTIVE_TRANSACTION kuka gani, akwai aikin da aka buɗe aka bari; DBCC OPENTRAN zai nuna muku shi, kuma sai an rufe shi kafin komai ya motsa.

Daga nan shawara ta mai kamfani ce, ba ta mai kwamfuta kaɗai ba. Ku tambayi Alhaji: in faifai ya mutu da la'asar, zai iya jure rasa cinikin da aka yi tun safe? In ya ce a'a, ku tsaya kan FULL, ku sa a riƙa ɗaukar kwafin kundi kowane minti 15 ko 30, zuwa wani faifai dabam. Na farkon zai yi girma sosai, kusan duk abin da ya taru, don haka giga 15 ɗinku ba za su ɗauke shi ba. Ku tanadi faifan waje. In ya ce kwafin daren jiya ya ishe shi, ku ɗauki cikakken kwafi, ku mayar da rumbun SIMPLE, sabar za ta riƙa sakin wurin da kanta. Amma ku sani komawa SIMPLE na tsinke sarƙar kwafin kundi. Ranar da kuka dawo FULL, sai kun ɗauki sabon kwafi kafin sarƙar ta sake ƙulluwa.

Sai bayan wannan ake matsewa. DBCC SQLPERF(LOGSPACE) zai nuna kashi nawa na kundin ke da kaya. In ya sauka, ku duba sunan fayil ɗin a sys.database_files, ku ba da umarni irin wannan:

DBCC SHRINKFILE (sunan_kundi, 8192)

Lambar mega ce, wato giga 8. Sau da yawa ba ya sauka a karon farko, har mutum ya ɗauka umarnin bai yi aiki ba. Dalili shi ne kundin a yayyanke yake gunduwa-gunduwa a ciki, sabar kuma daga wutsiya kawai take iya yankewa. In gunduwar da ake rubutu a cikinta tana can ƙarshe, ba abin da zai fita. In kuna kan FULL, ku sake ɗaukar kwafin kundi, ku maimaita.

Kada ku matse shi ya koma mega 1 don jin daɗin ganin faifai a wofi. Zai sake girma, kuma a bugunku duk wurin da aka ƙara wa kundi sai an cike shi da sifiri tukuna, masu karɓar kuɗi suna jira. Ku bar masa girman da aikinku mafi nauyi ke buƙata, kamar rufe lissafin ƙarshen wata, ku kuma sa ƙarin girmansa ya zama tsayayyen adadi, misali mega 512, maimakon kashi 10 cikin ɗari. In kun ci karo da tsohuwar shawarar nan ta WITH TRUNCATE_ONLY, ku wuce ta; tun bugun 2008 aka cire ta.

Giga 80 na bayanan, ku ƙyale su.

Tambaya: Muna da kantin magani a Yamai, muna amfani da bugun Express na SQL Server. Fayil ɗinmu ya kusa giga 10. Na goge tsofaffin rasitai amma girmansa bai ragu ba. Me ya sa?

Amsa: Hajiya, gogewa na buɗe wuri ne a cikin fayil, ba ta rage jikinsa. Kamar buhun da aka kwashe rabin gerensa ne, buhun na nan yadda yake. Umarnin sp_spaceused zai nuna muku wurin da ya buɗe, kuma sabbin rasitai a nan za su zauna, saboda haka wataƙila ba kwa buƙatar matsewa sam. Iyakar giga 10 da aka sa wa kowane rumbu, daga Express na 2008 R2 zuwa na 2022, a kan bayanai take, ba a ƙirga kundi a ciki.

Matse fayil ɗin bayanai na da tsada. Sabar na kwaso shafuka, kowanne kilobait 8, daga ƙarshen fayil ta cusa su duk inda ta sami gurbi, sai fihirisa, wato jerin da sabar ke bi don saurin nemo bayani, su wargaje, bincike ya yi nauyi. In kun sake gina su, ginin na buƙatar wuri, fayil ya koma ya kumbura. Don haka sau ɗaya ake yi, bayan an kwashe kaya mai yawa, da dare, a bar sarari mai ɗan dama a ciki. In an katse shi a tsakiya ba ɓarna, abin da aka riga aka yi yana nan.

Abin da ya fi damunmu shi ne gogewar kanta. Dokar lissafi ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ta ce a adana takardun lissafi shekara 10. Ku dawo da rasitan daga kwafin ajiya zuwa wani rumbu dabam na tsofaffin shekaru. Kowane rumbu na da nasa giga 10. Gaba in za ku kwashe, ku riƙa gogewa layi 4,000 a kowane zagaye, don gogewar miliyoyi a tashi ɗaya ita ke kumbura kundi ta kulle jadawalin. Daga 2016 SP1 kuma Express ma na iya dunƙule bayanai da DATA_COMPRESSION = PAGE, wanda kan rage jadawalin rasitai sosai. Tunda Express ba shi da SQL Server Agent mai tayar da ayyuka a kan lokaci, kwafin ajiyarku sai ku rubuta shi da sqlcmd, manhajar aika wa sabar umarni, ku ba mai tsara lokutan aiki na Windows ya riƙa tayar da shi kowane dare.