Na Ƙirƙiro Wasan Fatake: In Nemi Jarinsa a Intanet Ko In Taɓa Kuɗin Shago?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan karatu a Zariya, littattafan rubutu da biro da makamantansu. Na ƙirƙiro wani wasa da ake yi a kan allo kamar lido, amma nawa na fatauci ne. Kowane ɗan wasa madugu ne, zai ɗauko goro daga Gwanja ko gishiri daga Bilma ya kawo Kano, wanda ya fi cin riba shi ne gwani. Da kwali da kala na haɗa shi, kuma duk wanda muka buga da shi a majalisa sai ya ce a sake. Na sa bidiyonsa a Facebook, mutane da dama suka yaba, amma wasu suka yi mini caa. Wani ya ce lido ne na sauya wa riga, wani ya ce dokokin sun yi yawa, wani kuma ya ce tun da akwai dayis a ciki, caca nake koya wa yara. Ƙanena ya ce a ƙasashen waje masu irin wannan sana'a a Kickstarter suke tara miliyoyin daloli. In bi wannan hanyar, ko in ciri kuɗi daga jarin shago in buga? Masu sukar kuma yaya zan yi da su?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan basira. Kada ka taɓa jarin shago, kuma kada ka fara karɓar kuɗin kowa yanzu. Akwai aikin da ke gabanka kafin waɗannan biyun, kuma ba ya cin kuɗi sosai.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba. An buɗe Kickstarter, wani shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, a Amurka a 2009, kuma masu ƙirƙirar wasannin allo na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa. Tsarinsa karo-karo ne: ka faɗi adadin da kake nema da ranar rufewa, mutane su yi alƙawarin biya don a aiko musu da wasan in an buga. In adadin ya cika, a ciri kuɗin a ba ka, kamfanin ya ɗauki kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki wajen kashi 3 zuwa 5. In bai cika ba, ko sisi ba za a ciri na kowa ba, kai ma ka tashi hannu rabbana. A 2015 wani wasan kati mai suna Exploding Kittens ya tara sama da dala miliyan 8.7 daga mutum fiye da 219,000. A 2020 wani wasan allo, Frosthaven, ya tara kusan dala miliyan 13.

Abin da ba a cika haɗawa da labarin ba shi ne inda mutanen suka fito. Ɗaya daga cikin masu Exploding Kittens, Matthew Inman, mai zanen barkwanci ne da miliyoyin mutane ke bibiyar aikinsa tun kafin a yi zancen wasa. Isaac Childres, mai Frosthaven, ya riga ya fitar da Gloomhaven, wanda ya karɓu ƙwarai, don haka masu jiransa a shirye suke. Jamey Stegmaier, wanda ya tara kusan dala miliyan 1.8 da wasansa Scythe a 2015, da wajen dala 65,000 ya fara a 2012, kuma tsakanin shekarun nan rubutu yake ta yi yana koya wa wasu abin da ya gano, jama'a na taruwa a kansa. Kickstarter bai cika kawo maka masu saye ba, sai dai ya karɓar maka kuɗi daga waɗanda ka zo da su. Masu harkar sun san cewa kwana ɗaya ko biyu na farko su ke yanke hukunci, domin baƙo in ya leƙo ya ga ba kowa, wucewa yake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma wani shinge. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da mazaunansu ke iya buɗe neman kuɗi a Kickstarter kai tsaye. Sai ka sami wani a Amurka ko Ingila ko wata ƙasar da aka amince da ita, a buɗe da sunansa da asusun bankinsa. Kuɗin hannunsa za su faɗa, harajin a kansa yake, kai kuma abin da ke hannunka amana ce kawai. Ga mai wasa ɗaya da ko bugun farko bai yi ba, ban ga dalilin wannan dogon zagaye ba.

Sai maganar da nake so ka riƙe fiye da komai. Kuɗin da mutum ya ba ka kafin kaya su fito bashi ne a wuyanka har ranar da akwatin ya shiga hannunsa. Malaman fiƙihu suna da babi a kan irin wannan ciniki, na a ƙera maka abu ka biya, wato istisna'i, kuma sharaɗinsa a fayyace siffar kaya da farashi yadda ba za a yi jayayya daga baya ba. Waɗanda suka ɗauki kuɗin a matsayin riba sun sha wuya. A 2011 mai buga wani wasa, Glory to Rome, ya tara kimanin dala 73,000, fiye da abin da ya nema nesa ba kusa ba. Sai dai ya yi wa mutane alƙawarin kai musu kaya kyauta, kuɗin sufuri suka cinye shi, daga baya ya ce har gidansa ya rasa. Wani kuma ya tara sama da dala 122,000 a 2012 don wasan The Doom That Came to Atlantic City, ya kashe kuɗin a hayar gida da buƙatun kansa, ya ce aikin ya rushe. A 2015 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta gurfanar da shi, kuma shi ne karo na farko da ta ɗauki mataki a kan irin wannan tara kuɗi. Na farkon ba macuci ba ne, lissafi ne ya kayar da shi, kuma irin faɗuwarsa ce na fi ji maka tsoro.

Domin tsakanin ranar karɓar kuɗi da ranar kai kaya, farashi ba ya jiran kowa. A 2021 kuɗin ɗauko kwantena daga Sin zuwa Amurka ya ninka sau da yawa, masu wasanni da dama suka koma suna roƙon waɗanda suka riga suka biya su ƙaro wani abu. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya karɓi naira a lokacin farko da niyyar biyan masana'anta a Sin da dala, ka ƙiyasta halin da ya shiga. Kai mai sayar da takarda ne, ka san yadda farashin rim ya yi tsalle a wannan tsakanin. Ga shi masana'antun can ba su cika karɓar ƙaramin aiki ba, sukan nemi kwafi dubu ko fiye.

Don haka a gida za ka fara, kuma da kaɗan. Ka je wurin masu buga takardu biyu ko uku, a Kaduna ko Kano, ko Shomolu a Legas in kana da wanda zai tsaya maka, kowa ya rubuta maka farashin kwafi 100 da na 300. A lissafa komai: allo, katuna, 'ya'yan wasa, takardar dokoki, da akwatin waje, wanda sau da yawa shi ya fi tsada, kuma shi ne mutane ke mantawa. A kasuwar Amurka da Turai ƙa'idar da aka saba ita ce farashin kanti ya ninka kuɗin bugu sau biyar, saboda mai kanti yana saye a rabin farashi, dila kuma ƙasa da haka. Mu ƙaddara akwati ɗaya ya tsaya maka naira 3,000. A wancan lissafin 15,000 ke nan, kuma ka fi ni sanin iyaye nawa ne za su ciro wannan don wasa. Tun da kai za ka sayar da hannunka, kana iya sauka zuwa ninki uku, amma kada ka yi ƙasa da haka, domin ladan mai zane, da kuɗin mota, da waɗanda za su lalace a hanya, da waɗanda za ka bayar kyauta don a gani, duk daga nan za su fito. In ninki uku ya fi ƙarfin mai saye, wasan za ka rage wa kaya, ba ribarka ba.

Talla kuma, yabon Facebook ba ciniki ba ne. Danna alamar so ba ya cin ko kwabo. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta lambar duk wanda ya buga wasan ya ce zai saya, da garinsu. Ka kai shi makarantu masu zaman kansu, waɗanda dama abokan cinikinka ne, ka nemi a ba ka rabin awa da 'yan aji ɗaya. Shugaban makaranta guda da ya karɓi kwafi 20 ya fi maka masu yabo dubu. Ka nemi ɗan tebur a bajekolin Kaduna ko na Kano, ka zaunar da mutane su buga, kada ka tsaya kana bayani kamar mai wa'azi. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu, wanda ke ƙirƙira da buga wasannin allo a cikin ƙasar nan, yake kuma shirya taron masu wannan sana'a na Afirka da ake kira AB Con. A 2021 sun ci lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a duniyar wasanni. Kuɗin motar zuwa wurinsu ba asara ba ce. Kuma tun da wasanka ya bi hanyar Gwanja, Hausawan zango a Kumasi da Akara na iya jin daɗinsa, amma wannan sai a bugu na biyu.

In sunaye suka taru, sai ka nemi kafin alƙalami, ka ce ba za a buga ba sai mutum kaza sun biya, in ba su cika ba zuwa rana kaza kowa a mayar masa da nasa. Ka ga ka yi Kickstarter ɗinka a gida ke nan. Kuɗin su zauna a asusu daban, kada su haɗu da cinikin shago ko na kwana ɗaya. Ranar da mai bugu ya ba ka, ka ƙara mata wata guda kafin ka faɗa wa mutane. Kuma kaya za ka yi alƙawari, ba rabon riba ba. Da zarar ka ce wa jama'a su zuba kuɗi a raba riba, ka shiga hurumin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Nijeriya, wadda ta fitar da dokokinta kan haka a 2021.

Masu suka su uku ne, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Wanda ya ce dokoki sun yi yawa, shi ne ya yi maka aiki kyauta. Abokan majalisa ba ma'auni ba ne, don kana zaune kana warware musu duk inda suka rikice, ga kuma kunya. Ka sami mutum huɗu da ba su taɓa ganin wasan ba, ka miƙa musu akwatin da takardar dokoki, ka koma gefe da biro ka kama bakinka. Za ka ga ɗaya ya juya takardar sau uku yana neman inda aka ce wa zai fara. Za ka ga sun yi gardama kan ko ana sayar da goro a zango ko sai an isa Kano, su yanke abin da ba haka ka nufa ba. Can wani ya ciro waya ya fara latsawa alhali wasan bai ƙare ba. Ka rubuta minti nawa aka yi kafin ya ciro ta, da abin da ake yi a lokacin. Bakinka zai yi ta ƙaiƙayi, amma ranar da aka sayi wasan a Sakkwato ba ka wurin. Masu sana'ar nan sukan maimaita irin wannan gwaji har sai baƙi sun iya bugawa daga farko zuwa ƙarshe ba tambaya.

Wanda ya ce lido ne, ka auna maganarsa da tambaya ɗaya: a wasanka, wanda ya fi dabara ne ke ci, ko wanda dayis ya so? In ɗan wasa yana zaɓar hanya, yana yanke shawarar ya sayar yanzu ko ya jira farashi, ya ɗauki jagaba ko ya yi kasada, to ba lido ba ne, ka bar shi da ra'ayinsa. In kuwa jefawa ce da ƙirga gida, ya faɗi gaskiya, ko da a ce da baƙar magana ya faɗe ta.

Na ukun kada ka yi masa dariya. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya tsananta a kan wasan nardi, wanda da dayis ake yin sa, kuma malamai da yawa sun gina hukuncinsu a kansa ko da ba a sa kuɗi ba. Ni ba mai fatawa ba ne, ka kai wasan gaban malamin da ka yarda da shi kafin ka biya mai bugu. Ta fuskar kasuwa kuwa, iyaye da shugabannin makarantu su ne masu ciro kuɗi, kuma in kashi ɗaya daga cikinsu zai juya baya saboda ɗan dayis, cire shi ya fi arha. Dara ba ta da dayis, kuma kakanninmu sun raba dare a kanta. Kana iya sa kowane madugu ya zaɓi tafiyarsa gwargwadon nauyin kayansa, mai kaya da yawa ya yi jinkiri, wanda hakan ma ya fi kama da fatauci na gaske, kuma ya rufe bakin mai zancen lido a lokaci guda. A fili dai kada ka yi cacar baki da kowa. Ka ce na gode, za mu duba, in ka gyara ka dawo ka nuna. Wanda zai ba ka kuɗinsa watanni kafin ya ga kaya yana kallon yadda kake amsa wa wanda ya ɓata maka rai.

Saura kariya daga masu kwafa. Doka ba ta cika kare tsarin yadda ake buga wasa ba, abin da take karewa shi ne zane, da rubutun dokoki, da suna in ka yi masa rajista. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sunan wasan kuma a ofishin rajistar tambarin kasuwanci. Mai zanen da zai yi maka aiki ku rubuta cewa ka sayi zanen ne ɗungurungum, ya sa hannu gaban shaidu. Mai bugu ma a rubuta adadin kwafin da ka ba shi, da sharaɗin ba zai buga ko ɗaya a kai ba, kuma kada ka cika masa kuɗinsa sai ka buɗe akwatuna goma daga wurare daban-daban ka ƙirga katunan ciki.