Abin da Badukku Zai Koya a Gidan Tarihin Manhyia

Ka tambaye ni, ɗana, dalilin da ya sa na matsa maka ka je gidan tarihin fadar Manhyia, fadar sarkin Asante da ke nan Kumasi, alhali abin da jama'a suke tururuwar gani a can zinariya ce, mu kuwa dukawa ne, sana'armu fata da basilla. Tambayarka tana kan hanya, kuma zan amsa maka a tsanake, domin ba yawon buɗe ido nake aika ka ba. A rumfunanmu na Zango da na Kejetia sabon aiki kaɗai kake gani, wanda aka gama jiya aka sayar yau. Ɗinkin da ya haura shekara ɗari bai saki ba, sai a irin wancan gida ake samunsa, kuma badukkun da bai taɓa ganin yadda aiki yake tsufa ba, bai gama sanin ɗinki nagari ba tukuna.

Ka fara da sanin gidan kansa. Turawan Ingila ne suka gina shi a 1925 domin Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi har tsibirin Seshel, bai dawo Kumasi ba sai a 1924. Ya zauna a cikinsa har rasuwarsa a 1931, sannan Prempeh na Biyu ya gaje shi. Otumfuo Opoku Ware na Biyu ne ya buɗe tsohon ginin a matsayin gidan tarihi a 1995, shekarar da ya cika 25 a kan karaga. Za ka tarar da ɗakunan da kujerunsu da teburansu, da siffofin sarakuna da iyayen sarauta mata masu girman mutum, cikinsu har da Yaa Asantewaa wadda ta jagoranci yaƙin 1900. Masu yi wa baƙi jagora za su ba ka wannan labari fiye da yadda zan iya.

Abin da nake so ka riƙe ya girmi wannan gini. Tun zamanin Osei Bonsu akwai wani gidan dutse a Kumasi da ake kira Aban, wanda aka kammala a 1822, inda sarki yake tara kayan alfarma da kyaututtukan da ake kawo masa daga nesa. A watan Fabrairun 1874, a zamanin Kofi Karikari, sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shigo garin, suka kwashe abin da suka kwashe, suka rusa fadar, suka cinna wa gari wuta. Mai kwasar ganima da gaggawa abin da ya fi tsada kuma ya fi sauƙin ɗauka yake zaɓa, saboda haka zinariya ta fi yawa a cikin abin da ya tsallaka teku. Fata da tufa kuwa, wanda wuta ta bari, damshin wannan ƙasa tamu ta kurmi da gara da ƙwari sun ci rabonsu. Shi ya sa duk guntun tsohuwar fata da ka gani a bayan gilashi yake da daraja a wurin mai sana'armu, ko da sauran jama'a sun wuce shi ba su waiwaya ba.

A 2024, shekarar da Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya cika 25 a sarauta, kuma shekara 150 bayan ƙone garin, wasu daga cikin kayan suka dawo gida. Gidan tarihin Fowler na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka ya mayar da guda 7 har abada a watan Fabrairu, cikinsu akwai wutsiyar giwa ta sarauta da kujera ta itace da fata da ƙarfe. Daga Landan kuma aka kawo guda 32, wato 15 daga gidan tarihin Birtaniya da 17 daga na Victoria da Albert, aka fara nuna su ranar 1 ga Mayu. Waɗannan na Landan aro ne na shekara 3 da za a iya sabuntawa, domin dokokin ƙasarsu sun hana gidajen biyu sakin kaya gaba ɗaya. Ni dai abin yana yi mini ciwo a ce mai abu yana aron abinsa, amma tun da suna nan, kuskure ne mai sana'a ya bari wa'adi ya ƙare bai je ya gani da idonsa ba.

Idan ka shiga, ka tsaya a gaban irin kujerar da ake kira asipim, ka bar ƙusoshin tagulla masu ƙyalli tukuna, ka dubi mazaunin. Fatar an ja ta ne tana da danshi, ta bushe a kan itacen ta ɗame, kuma ƙusoshin da kake ɗauka ado ne kawai, su ne suke rarraba nauyin mai zama a kan baki gaba ɗaya, don kada wuri guda ya ɗauki jan ya yage. Ka lura da tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, da nisan kowace daga bakin fata. Kai kana yawan huda dab da baki don aikin ya yi kyau a ido, kuma a nan ne yake fara tsagewa. Daga nan ka dubi kuben takubba da takalman sarauta, ka ga inda aka lanƙwasa baki aka ɓoye ɗinki a ciki, ka ga inda maƙerin zinariya ya ɗora nasa a kan namu. Da fatar ta saki, da adon zinariyar ya faɗi tun tuni.

Wurin da ya fi shafarmu shi ne layu. Tun kafin Turawa su ci wannan ƙasa akwai Musulmi a Kumasi, fatake da malamai, waɗanda hanyar goro ta Salaga ta kawo daga Gwanja da Dagomba da ƙasar Hausa. Baturen nan Bowdich da ya zo a 1817 ya rubuta yadda manyan Asante suke sayen layu a hannunsu da tsada, kuma har yau akwai takardun Larabci na Kumasi a ɗakin karatun sarauta na ƙasar Danmak, waɗanda suka faɗa hannun Turawa bayan yaƙin Katamanso na 1826. Babbar rigar yaƙi ta batakarikese, wadda Asantehene yakan saka a lokacin naɗi da manyan jana'izai, lulluɓe take da irin waɗannan layu. Hukuncin laya maganar malamai ce, kuma sun yi saɓani a kanta. Ni a kan ɗinki nake magana. Malami ya rubuta, an ninke takarda, an naɗe ta da zare, sannan ta zo hannun badukku, ya jiƙa fata, ya matse ta a jiki har kusurwoyi huɗu su fito sosai, ya ɗinke ta yadda zufa da ruwan sama ba za su sami ƙofa ba. Wasu an ƙara musu rufin zinariya ko azurfa ko fatar damisa. Kada dai ka je kana cewa duk aikin Hausawa ne, domin akwai hannun Dagombawa da Gwanjawa da Wangarawa, kuma fadar tana da nata masu sana'a. Babu wanda ya rubuta sunansa a jikin aikin, amma sana'ar ita ce wadda kake koya a wannan rumfa.

Idan ka fito daga Manhyia, ka ƙarasa cibiyar al'adu da ke Bantama, inda akwai ƙaramin gidan tarihi mai sunan Prempeh na Biyu. Can ma akwai tsofaffin kayan sarauta da na yaƙi.

Akwai kuma darasin jima da rini. Jar fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi tana yin duhu da tsufa, amma launin yana cikin jikinta, ba ya ɓarewa. Baƙin kuloko kuwa, da yake daga ƙarfe yake, idan aka cika shi yakan cinye fata sannu a hankali, har ka ga layin zane ya tsage alhali gefensa lafiya lau. Wannan ba ka ganinsa a shekara ɗaya ko biyu, kuma shi ya sa nake hana ka zabga kuloko a kan fata mai laushi. Fatar roba da fentin kanti da masu saye suke nema saboda arha ba su da irin wannan tsufa, ɓarewa kawai suke yi.

Ka kuma lura da yadda ma'aikatan gidan tarihin Manhyia suke riƙon kayan. Ba sa goge tsohuwar fata don ta yi sheƙi, ba sa sake abin da ya rage da sabo, suna tsare ta ne daga rana da damshi da hannun mutane. Haka za mu yi da tsohon kuben nan da wani basarake ya aiko a gyara. Ba za mu kware shi ba, ba za mu shafa masa mai ba, domin mai yana jan ƙura da ƙwari. Za mu sa sabuwar fata siririya daga ciki ta tallafe shi, mu bi ramukan basillar farko ba tare da huda sababbi ba, layar da ke jikinsa kuma ba a buɗe ta. Saboda haka ka je kafin mu taɓa shi. Ka tafi da littafi da fensir, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka zana mini bakin kujerar da ɗinkin kube yadda ka gan su, ranar Asabar mu zauna mu gwada su a kan guntun fatar akuya kafin mu sa hannu a kayan mutane.