Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ka isar mini da gaisuwa ga Yaya da mutanen gida.

Tun da ka koma Kano nake juya tambayar da ka yi mini a zaurenmu na Aboabo, a nan Kumasi ta ƙasar Gana, ranar da ka ga jikata ta dawo daga Jami'ar Kwame Nkrumah tana hira da ƙawarta da Tuwi, harshen Asante. Ka ce kana mamakin yadda mutanen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a nan Gana, suke saurin karɓar sauyi, alhali a gida sai an kai ruwa rana kafin jama'a su yarda da sabon abu, har ka tambaya ko mun fi ku shiri ne, ko kuwa zaman baƙunta ne ya sa riƙonmu ya yi sako-sako. Baƙi sun cika zauren a ranar, shi ya sa na bari sai yanzu.

Da farko ina so ka cire wa ranka cewa muna da wata ɗabi'a ta son sabon abu. Tsohon zango da tsohon Ƙofar Mata duk jirgi ɗaya ya kwaso su wajen taurin kai. Abin da ya bambanta mu shi ne an sha tayar da mu ba shiri, kuma tun daga kan kakanni muka gane cewa sauyi ba ya sallama kafin ya shigo. Kakana, wanda shi ne kakan mahaifinka, fataucin goro ya kawo shi ƙasar Gwanja, a zamanin da ayari ke shafe watanni tsakanin Kano da Salaga da jakuna. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa, daga baya da yawa suka gangaro Kumasi, garin Asante, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa. A 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi, sai goro ya ƙara bin hanyar teku zuwa Ikko, ba a kuma jima ba dogo ya isa Kano. Madugun da ya ce shi da jaki mutu ka raba, ya ƙare da jakunansa. Wanda ya gane cewa sana'arsa goro ce, jaki kuwa abin ɗaukar kaya ne kawai, ya koyi ɗaure huhu don jirgi, ya ci gaba da cin abincinsa. A nan ne na fara fahimtar abin da ake nufi da shiri: mutum ya rarrabe tun da wuri tsakanin abin da zai ɗauka ko'ina ya tafi da abin da zai iya saukewa a hanya.

Darasi mafi zafi ya zo ne a watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Ina ɗan yaro a lokacin, amma ban manta da yadda maƙwabta suka riƙa sayar da gadaje da kekunan ɗinki a wulaƙance ba, ga manyan motoci cike da mutanen da wasunsu a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin ƙasar da ake cewa tasu ba. Kafin wannan rana, yawancin iyayenmu ba su ɗauki takarda a bakin komai ba, domin a wurinsu shaidar liman da ta mai unguwa ta wadatar. Bayan ta, ba wanda ya tsaya yi wa mutanen zango wa'azi a kan takardar haihuwa. Har yau za ka ga tsohuwa tana ajiye takardun jikokinta a ƙasan adaka tare da sarƙar aurenta, kuma da aka fito da katin ɗan ƙasa, tun asuba muka riƙa kama layi. Wannan shiri ne da wuya ta koyar, ba zan kuwa yi wa kowa fatan ya koye shi ta wannan hanya ba.

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne maganar boko, domin a nan ne aka fi yi mana gurguwar fahimta, kamar yadda ake yi muku. Shekara da shekaru ana cewa mutanen zango ba sa son ilimi. Gaskiyar magana ita ce yawancin makarantun lokacin na mishan ne, uba kuma yana tsoron ya kai ɗansa da sunan Musa ya dawo masa da wani suna da wata alƙibla. Saboda haka ya riƙe shi a makarantar allo, daga nan ya tura shi kasuwa ko gareji. An yi ta kiran iyayenmu jahilai, su kuwa ko gezau. Abin da ya warware ƙullin shi ne kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987. Tsarin ya bar makaranta a hannun malamin da ya kafa ta, ana karanta Alƙur'ani da Larabci kamar yadda aka saba, gwamnati kuma ta turo malaman Turanci da lissafi da kimiyya, ita ke biyan su albashi. Uban da jiya ya rantse ɗansa ba zai sa wandon makaranta ba, shi ne ya kama hannunsa ya kai shi, domin malamin da ya sani ne ke zaune a bakin ƙofa, allon kuma yana nan a jingine. Mutanen nan ba su canza hali cikin dare ɗaya ba, ɗana. An daina neman su sayar da abin da suka fi ƙauna ne kafin a ba su abin da suke bukata. Sa'an nan da aka soke kuɗin makarantar sakandare a 2017, sai ga gidajen da ake zargi da ƙin karatun 'ya mace suna tura 'ya'yansu mata makarantar kwana, aka gane cewa wani ɓangare na abin da ake kira taurin kai rashin kuɗi ne da kunya ta hana a faɗa.

Akwai kuma maganar bakin da sauyi ya fito. A zango, sanarwar rediyo ba ta zama magana sai an maimaita ta a masallaci bayan sallah, Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu sun tattauna ta, magajiya kuma ta kai ta wurin mata a gidan suna da gidan biki. (Kada kalmar magajiya ta ba ka tsoro, a nan sarauta ce mai daraja ta shugabar mata.) Ka tambaye ni game da ziyarar da babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya kai wata majami'ar Katolika a Akra a 2019, lokacin da ya cika shekara 100. Na san abin ya ba mutane mamaki a wajenku, a nan ma an samu masu gunaguni. Amma Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Gana, gida ɗaya muke haya da Kirista, famfo ɗaya muke ɗiban ruwa, kuma da wani matashi ne ya yi haka da ba a karɓa ba. An karɓa ne domin mutumin da ya yi shi ba wanda ke shakkar addininsa.

Misalin kuɗi zai fi maka sauƙin kamawa, tunda kun ɗanɗana naku. A watan Yulin 2007 aka sauya mana kuɗi, aka cire sifili huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi 1. An yi watanni ana bayani a rediyo da kasuwanni cewa darajar kuɗin tana nan yadda take, kuma tsoho da sabo suka yi yawo tare har ƙarshen shekarar. Mai koko da mai wake da shinkafa suka koyi lissafin a hankali, kuɗi biyu a cikin gwangwani ɗaya. Abin dariya, har gobe akwai tsofaffi a kasuwar Kejetia da za su ce maka miliyan ɗaya alhali sidi 100 suke nufi, ba wanda ya hana su, ciniki kuma bai tsaya ba. Ka kwatanta da abin da ya same ku a farkon 2023, bayan an sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 aka sa wa'adi na 'yan makonni, sababbin kuma ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki. Na ji wasu suna cewa talakawa ne ba su shirya ba. Ni a ganina mutumin da ya kwana a layin banki ya nuna iyakar shirinsa, waɗanda suka janye tsohon kafin sabon ya iso hannu su ne suka zo fafe gora ranar tafiya.

Ba zan ɓoye maka abin da muka sauke a hanya ba. Hausarmu ta sha ruwan Tuwi da Turanci, yaranmu ba sa rarrabe "ya zo" da "ta zo", na kuma ga kana murmushi duk lokacin da suka buɗe baki. Wannan yana damuna, ko da yake ina samun sanyi idan na tuna cewa Bamoshe da Bazabarme da Bawangare da Bagwanje duk da wannan Hausar suke magana da juna a zango, ita ce igiyar da ta ɗaure mu.

Akwai kuma inda muka kasa, kuma gidan da ka sauka shi ne shaida. Ka ga yadda rufin ya tsufa, ka ga yadda ruwa ke shigowa tsakar gida idan damina ta yi ƙarfi. Magada sun haura talatin, kowa ka tambaya zai ce maka a rushe a gina bene, har 'yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka sun yi alkawarin kuɗi. Shekara goma ana wannan magana ba a ɗaga bulo ɗaya ba, matasa suna cewa tsofaffi ne ba sa son ci gaba. Sai a taron da muka yi bayan Babbar Sallah ne gwaggonka, wadda ba ta cika magana ba, ta tambaya a ina za ta riƙa kwana idan an rushe, kuma wa zai rubuta mata cewa ɗakinta zai dawo hannunta idan an gama. Zauren ya yi tsit, domin a cikinmu babu wanda ya taɓa tunanin wannan. Yanzu mun kama mata haya a bayan masallaci, kusa da ƙawayenta, mun biya na shekara biyu, an kuma rubuta rabon ɗakuna a gaban liman da shaidu kowa ya sa hannu. Ita da kanta ta fara ɗaure kwanukanta. Ka gaya wa Yaya cewa kasonsa ɗaki biyu ne a sama, kuma muna jiran sa hannunsa kafin magina su shigo bayan damina, in Allah ya yarda.

Wassalam, daga baffanka a Kumasi.