Ku Tambayi Tanti: Biskit mai shokola a kai, wanda ba a gasawa

Tambaya:

Assalamu alaikum Tanti. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram. Ƙanwata da ke karatu a Yamai ta turo mini bidiyon wani kayan zaƙi da ya ba ni sha'awa: kwaɓin biskit ne ake dannawa a tire, a kwarara narkakkiyar shokola a kai, in ya yi sanyi a yanyanka. Ba a gasa shi ko kaɗan. In na taso daga aiki kaina cike yake da hayaniyar yara, shi ya sa nake neman abin da zan riƙa yi da hannuna ranar Asabar don in huce gajiya. Sai dai na ga ɗanyar fulawa suke ci, ba za ta ɓata ciki ba? Kuma da zafin garin nan, anya shokolar za ta tsaya?

Malama daga Garin Malam

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara miki haƙuri da 'ya'yan mutane. Za ki iya yin sa a tsakar gidanki, da kasko da turmi da rariya. Kuma na ji daɗi da kika yi tambaya kan fulawar tun kafin ki kai hannu.

Mutane da yawa ba su ɗauki fulawa a ɗanyen abinci ba, saboda fara ce tas, kuma a leda ko buhu take zuwa. Amma alkama daga gona ake kai ta injin niƙa, babu inda aka dafa ta a hanya, ga tsuntsaye ga dabbobi suna ratsa gonar. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da salmonela suna iya daɗewa a busasshen gari ba su mutu ba. A 2016 a Amurka mutum 63 a jihohi 24 suka kamu da ciwo ta hanyar fulawa, wasunsu lasar ɗanyen kwaɓi kawai suka yi. Su can lasar kwaɓin al'adarsu ce, tun da wata mai gidan abinci a jihar Massachusetts, Ruth Wakefield, ta fito da biskit mai gutsattsarin shokola a ƙarshen shekarun 1930. Daga kwaɗayin wannan kwaɓi aka samo abin da kika gani.

To ke soya fulawarki za ki yi. Ɗora busasshen kasko mai kauri a wuta kaɗan, in gawayi ne ki bari ya ruru ya lafa. Ba mai, ba ruwa. Zuba fulawar ki riƙa juyawa da cokalin katako ba tsayawa, kina kankaro ta ƙasa da ta gefe, domin nan take fara ƙonewa. Da farko za ta yi gudaji-gudaji, tururi ya ɗan tashi, daga baya ta saki ta yi wasai tana bin cokali. Kada ki sauke don kawai ta yi ɗumi, busasshen gari yana kare ƙwayoyin cuta daga zafi fiye da abu mai laima. Ki ba ta minti 10 zuwa 15, sai farin nan ya tafi ta koma ruwan ƙasa mai haske, ƙamshi ya cika miki hanci. Sannan ki tankaɗe, ki baza ta a faranti ta huce sarai. In da sauran zafi a jikinta za ta narkar da bota, kwaɓin ya yi ta tsatsar mai. Ƙwai kuwa kada ya shiga sam, ko da kin ga wata ta fasa a bidiyo.

Ga awon da nake yi, da kofi ɗaya za ki auna komai: fulawa soyayya kofi 2, bota rabin kofi, sukari rabin kofi, madarar ruwa cokali 3 ko 4, gishiri ɗan kaɗan a bakin yatsu, da 'yar ledar sukari mai ƙamshin banila guda ɗaya. Kada ki raina gishirin nan, shi ke hana zaƙin ya gundure ki.

A kan sukari ina da ra'ayi. Ɗanɗanon da Turawa ke so a kwaɓin nan daga jan sukari yake zuwa, wanda ba a raba shi da ruwan rake gaba ɗaya ba. Kada ki wahalar da kanki neman sa a manyan kantuna. Mazarƙwaila ta fi shi a wurina, kuma za ki same ta a Kasuwar Dole. Zaɓi busasshiya mai haske, ki daka a turmi mai tsabta, ki tankaɗe don fitar da ɓawon rake da yashi. In ta yi danƙo ta ƙi dakuwa, narkar da ita cikin madarar a wuta kaɗan, ki tace, ki bar ta ta huce. Rabi mazarƙwaila rabi farin sukari dakakke ma yana yin daɗi.

Buga bota da sukari a kwano har su haɗe su yi laushi, ki zuba madara da banila da gishiri, sannan fulawa kaɗan-kaɗan. In kika dunƙula a tafin hannu ya riƙe kansa bai manne miki ba, ya yi. In yana warwatsewa ƙara cokalin madara. Mu da Allah ya ba gyaɗa, cokali 2 na tigadege a ciki suna ƙara masa armashi, amma ki tabbata daga gyaɗa mai kyau aka markaɗa, wadda ba ta yi fumfuna ba. Shimfiɗa takardar gashi ko leda mai tsabta a ƙaramin tire, ki danne kwaɓin da bayan cokali ko gindin kofi, kamar yadda ake shimfiɗa tuwon madara kafin a yanka. Kaurin yatsa ɗaya ya isa.

Sai shokola, wato cakulan, wadda ita ce ta fi damun ki. Gaskiya ce, ta ainihi ba ta jure zafinmu. Man koko da ke cikinta yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa take narkewa a baki. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa. Ki duba bayan takardar: in kika ga an rubuta "beurre de cacao", ta ainihi ce, ta fi daɗi, ta fi tsada, ta fi saurin narkewa. Wadda aka yi da man tsirrai ta fi araha kuma ta fi tsayawa, ita nake ba ki shawara a bazara. Tsadar ma tana da dalili. Kodebuwa da Gana ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, da amfanin gonarsu ya ragu farashin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a 2024. Wadda ake shafa wa burodi kuwa ba ta daskarewa, kada ki sa ta.

Giram 150 zuwa 200 sun isa tiren. Kakkarya ta a busasshen kwanon ƙarfe, ki ɗora kwanon a bakin tukunya mai ruwan zafi, ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. Ki kiyaye ko ɗigon ruwa kada ya faɗa ciki, nan take za ta cure ta ƙi kwarara. Ki sa cokali ɗaya na bota ki juya, shi zai sa ta yanku ba ta tsattsage ba. Kwarara a kan kwaɓin, ki karkata tiren ta bi ko'ina da kanta. In kina so ki barbaɗa soyayyen riɗi.

Awa 2 a firigo ya isa. In an ɗauke wuta, sayi ƙanƙara ki sa a kula, ki ɗora tiren a kai a rufe cikin leda don kada laima ta taɓa shi. A hunturu, Disamba da Janairu, ki yi da yamma ki rufe ki ajiye inda iska ke bugawa, da asuba za ki tarar ya kama. Tsoma wuƙa a ruwan zafi, ki goge ta bushe, ki yanka ƙanana. Yana da nauyi, guda ɗaya da shayi marar sukari ya wadatar. A firigo zai kai kwana 4 ko 5.

Tun da hutu kike nema, 'yata, kada ki yi shi da tsakar rana kina gumi. Bari sai bayan la'asar, ki ajiye waya a ɗaki, ki ja kujera 'yar tsugunno gaban kasko. Ni juya fulawar nan ce ta fi kwantar mini da hankali, domin ba ta barin ki tunanin komai sai ita. Kuma in abokan aiki suka ɗanɗana za su ce ki riƙa kawowa su saya. Ki ɗan daure tukuna. Kina da aikin da ke cin ƙarfinki kwana biyar a mako, wannan ki bar shi naki ne da iyalinki.

Tambaya:

Tanti, na saya wa yara shokola na ajiye, da na buɗe sai na ga fari-fari a jikinta. Ta lalace ne in zubar?

Wani uba daga Mirriya

Amsa:

Malam, kada ka zubar. Zafi ne ya narkar da ita ta sake daskarewa, man kokon ya taso sama ya yi wannan farin. In ka murza da yatsa za ka ji santsi, ya ɓace. Ba ta cutarwa, sai dai ba ta kai sabuwa daɗi a baki ba. In dai lokacinta bai wuce ba, kuma ba ta wari, ba wa uwargida ta narkar da ita ta yi wa yara abin da na bayyana a sama. Wadda ta yi gashi-gashi ko kore, ita ce fumfuna, ita za ka zubar.