Tambaya da Amsa: Yaya za mu gode wa sojojinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu ƴan fada ne a unguwar Bagalam, nan Maraɗi. A layinmu akwai matar soja da ke takaba, mijinta ya rasu a bakin daga ya bar yara huɗu. Akwai kuma wani dattijo cikin mazan jiya. Mun tara jika sittin don nuna godiya. Wasu sun ce a buga riguna da hoton mamacin, wasu sun ce a kai wa sojojin da ke shingen hanyar Ɗan Issa. Me kuka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, samari. Allah ya saka muku da alheri, shi kuma Allah ya jiƙansa. Maganar riguna ku ajiye ta, wanki uku hoton ya koɗe, marayu kuwa ba su ga komai ba.

Kuɗin gidan mamaci ya kamata su nufa, amma ba yanzu duka ba. Daga rasuwa zuwa sadakar arba'in gidan cike yake da kwanuka. Bayan nan ƙafa ke ɗaukewa, alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma, matar ba ta fita nema. Ku raba uku: kashi ɗaya gero, a saye shi da kaka kafin tiya ta yi tsada, kashi ɗaya littattafai da kayan lakwal idan Oktoba ta zo, sauran ku riƙe don takardu. Iyayenku mata ko matanku za su kai, hannu da hannu, da sanin dangin mijin. Samari ba sa sallama da mai takaba, kuma abin da ya bi ta hannun ɗan aike na uku yakan rame a hanya.

Takardun nan su ne babban aikin, don a nan haƙƙin marayu ke maƙalewa. Za a nemi takardar mutuwa, ta aure, ta haihuwar kowane yaro, da takardar zaman iyali daga kotu wadda ke faɗin magada da wanda zai riƙe yaran. Abu biyu ke yawan ɓata lamari. Na farko, aure da yawa a masallaci aka ɗaura, ba a taɓa rubuta shi a meri (ofishin magajin gari) ba, sai an je kotu da shaidu an samo hukuncin da zai maye gurbin takardar. Na biyu, saɓanin suna: uba Mahamadou ne a takardar aikinsa, Mamane a takardar haihuwar ɗansa. Harafi ɗaya ma kan sa a maido da takardu. Ku sa mai boko a cikinku ya jera su ya gwada suna da suna, a yi kwafi a buga musu hatimi, na asali su zauna a gida. Sannan wani babba ya je bariki ya tambayi ofishin da ke kula da iyalan sojoji.

Kuɗi a shinge kuwa, a'a. Ko da zuciya ɗaya kuka bayar, mai kallo cin hanci zai gani, sojan ne kuma zai sha horo. Sojojin da ke aikin Farautar Bushiya, wato yaƙi da ƴan bindiga a dazukan Madarunfa da Gidan Rumji, sun fi buƙatar bakinku ya yi shiru: kar a ɗauki hoton motocinsu, kar a rubuta a WhatsApp cewa sun wuce ƙauye kaza. Wanda ya ga baƙin babura, ya gaya wa mai gari ko jandarma a asirce.

Shi Baba tsohon soja, ku tambayi ɗansa ko fansho na fitowa a kan kari, ku ɗauke masa layin banki da na asibiti. Ku zauna ku sha shayi da shi. Idan ya ɗauko labarin soja ku saurara, idan ya yi shiru ku bar shi. Kar wanda ya tambaye shi mutum nawa ya kashe.

Akwai kuma abin da bai cin ko dala, wato ba da jini. Mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50, lafiyayye, za a ɗibi kusan mililita 450, namiji kuma zai iya komawa bayan wata uku. Ku ci abinci kafin ku je. Ba ku ne za ku zaɓi wanda za a ƙara wa ba, yana iya zama soja mai rauni, yana iya zama yaron da zazzaɓin damina ya shanye wa jini.