Daga Bakin Gareji: Esansi ko Gazuwal?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba mai gareji. Ni malamin makaranta ne a Yamai, asalina ɗan Tawa. Shekara shida ina tari don in sauka daga babur, ga yara uku, ga uwargida. An nuna mini motoci Toyota RAV4 biyu shigowar Turai, duka ƙirar 2012, ɗaya esansi ɗaya gazuwal. Kawuna da ya daɗe yana tuƙa Land Cruiser a hanyar Agadas ya ce kada in kuskura in ɗauki esansi, wai gazuwal ba ta shan mai kuma ba ta mutuwa. Zirga-zirgata daga gida ce zuwa makaranta da kasuwa, sai Tawa sau biyu a shekara da Salla. Wacce zan saya? Daga mai yara uku, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa ka shiga motar nan a sa'a. Ka gaishe mini da kawu, ka ce masa bai yi ƙarya ba, sai dai motar da yake yabo ba ita aka nuna maka ba.

Na san injin da ke bakinsa. 1HZ ne, mai silinda shida, lita 4.2, wanda babu kwamfuta a jikinsa, babu turbo. Injin nan jaki ne. Na kwance shi na ɗaura ba adadi, kuma duk yaron gareji daga nan har Abalak ya san cikinsa. Amma gazuwal ɗin da ake ƙerawa don Turai tun wajen shekarar 2000 wani abu ne daban. Famfonsa yana tura mai da ƙarfin da ya haura bar 1,500 (bar ma'aunin matsi ne), ta ƙofofin anjekter, wato masu fesa mai cikin inji, da suke kusa da silin gashi a siranta. Ɗigon ruwa ko ƴar ƙura ta hunturu ta shiga nan, to ka fara shirin sayar da rago. Anjekter huɗu ne, kuma ba su cika lalacewa ɗaya-ɗaya ba. Mai esansi idan ta fara tari, sau da yawa buji ne ko kwayil, ka leƙa kasuwar Katako ko kowane shagon kayan mota ka dawo kafin la'asar.

Ga kuma wata tukunya a salansa da ake kira FAP, wadda take tare baƙin hayaƙi. Tun 2011 dokar Turai ta sa kusan kowace sabuwar motar gazuwal tana ɗauke da ita, don haka taka ta 2012 ba ta tsira ba. Tukunyar nan ba ta wanke kanta sai ta yi zafi wajen digiri 600, wato sai mota ta samu titi ta miƙe minti ashirin ko fiye ba tsayawa. Kai kuwa daga gida zuwa makaranta kilomita nawa ne? Biyar? Kafin inji ya gama ɗumi ka kashe shi. Wata da watanni a haka, cikin cunkoson gadar Kenedi da na Wadata, toka za ta cika ta, fitila ta kama a gabanka, mota ta ƙi wuce gudun keke. Wasu za su ce maka a fasa tukunyar a zubar, a juya kwamfuta. Ana yi, ban ce ba a yi ba. Wanda ya iya kaɗan ne, wanda ya ce ya iya kuwa ya cika gari.

Yanzu mu zo kan kuɗi, tunda nan zancen kawu ya fi daɗin ji. Gaskiya ne gazuwal ta fi tsimin mai, da wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Wannan magana daga Faransa ta biyo motocin, inda aka yi shekaru gazuwal ya fi esansi arha a gidan mai. Mu nan akasin haka ne. A da litar esansi tana sefa 540, gazuwal 538, kusan kunnen doki. A 2022 aka ɗaga gazuwal zuwa 668. Ragin da aka yi a watan Yulin 2024 ya mai da esansi 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma 618. Ɗauki alli, kai ne malami. A ce kana yin kilomita 1,000 a wata, mai esansi tana shan lita 9 a kilomita ɗari, mai gazuwal lita 7. Ta farko lita 90, sefa 44,910. Ta biyu lita 70, sefa 43,260. Ribarka a wata jaka ɗaya da ƴan kai, ko kuɗin cefanen yini ba ta kai ba. Juyen baƙin mai ɗaya zai cinye ta, domin injin mai FAP yana son mai na musamman marar toka, ga filtar gazuwal da ba a yi mata jinkiri.

Ba zan ɓoye maka abin da ke gefen kawu ba. A watan Maris na 2025 da esansi ya yi wuya, na kwana a layi kamar kowa, masu gazuwal suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take tacewa a rana, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ruwa-ruwan, wato man sumoga, da ke shigowa ta Ƙonni da Maraɗi ya ja baya, kowa ya koma gidan mai. Amma ba na ba mutum shawarar sayen mota saboda wahalar mako uku.

Tawa kuwa wajen kilomita 550 ce ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kwalta ce duka, akwai gidajen mai a hanya. Mai esansi za ta kai ku Salla ta dawo da ku. Ɗauki esansi, Malam. Kafin ka biya, je da makanikenka da safe tun inji yana sanyi, ka hana kowa tayar da ita kafin ku iso. Ku duba ruwan radiyeta, ku kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, a tsaye minti goma sha biyar ku ga ko allurar zafi za ta motsa, don watan Afrilu ba ya yi wa kowa kara. Kilomitan da ke kan allo kuwa ka saurare shi kamar labarin dillali.

Tambaya: Baba, ni ɗan kasuwa ne a Tawa, kowane mako ina cin kasuwannin Abalak da Cin Tabaraden da kaya da iyali wani lokaci. Ni ma esansi? Daga Alhaji, Tawa.

Amsa: A'a Alhaji, kai kawun Malam da kai yake magana. Rairayi da kaya da doguwar hanya aikin gazuwal ne, domin yana da ƙarfin ja tun inji bai yi kuka ba, kuma tanki ɗaya zai kai ka nesa. Nemi Hilux mai injin 5L ko Land Cruiser irin wadda aka ƙero don ƙasashenmu, ba shigowar Turai mai FAP ba. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta, ka bar man jarka sai dole, in dolen ta zo ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. In kuma yaron gidan mai ya yi kuskure ya zuba maka esansi, ko makulli kada ka murɗa. A tura motar gefe, a sauke tanki.