Kwanan watan da aka goge

Sabi'u, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya na share ka, don akwai kunnuwa a kusa. Ka ce ka leƙa siton wani shago a layinmu ka ga yara da tsumma da tina suna goge kwanan watan da ke gindin gwangwanin madara, suna buga sabo. Kana so ka sani, in ka kai ƙara ka zama munafuki, in kuma ka yi shiru ko kana da kamasho a alhakin. Jawo benci.

Ka fara raba abu biyu da mutane ke cuɗawa. Kaya kan lalace a hannun mai gaskiya. Katan ya faɗa bayan sito an manta da shi, ko zafin Afrilu ya dafa lemo a ƙarƙashin kwano, ko wuta ta ɗauke kwana biyu yogot ya yi tsami a firij. Ni kaina na taɓa sayar wa wata mai cincin bota da wa'adinta ya wuce da wata uku ban lura ba. Ta dawo da ita, na ba ta kuɗinta na ba ta haƙuri, kunyar ta yi mako tana bina. Tun daga ranar nake matsa wa yarana su jera sabon kaya a baya, tsoho a gaba. Irin wannan ɗan kasuwa gefe ake jansa a ce, Alhaji duba kantarka. Yawanci godiya zai yi.

Wanda ya aika a sayo tina kuwa ya san abin da yake yi. Sunan wannan algus. Ka ji hadisin a wajen karatu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wancan jiƙaƙƙen hatsi ne kawai.

Kar ka ɗauka duk kayan da wa'adinsu ya wuce ɗaya suke. Biskit zai yi laushi, taliya ta yi ƙwari, mai saye ya gani da idonsa ya ƙi. Madarar ruwa, kifin gwangwani, tumatir, abincin jarirai, su ne abin tsoro, don a rufe suke. In ka ga gwangwani ya kumbura sama ko ƙasa, ƙwayoyin cuta ne suka rayu a ciki suke fitar da iska, kuma akwai gubar da ba lallai hanci ya ji ta ba. Wanda ya yi tsatsa a bakin ɗinki ko ya lotse a wurin, iska ta samu hanya. Ka kuma tuna mu 'yan sari ne. Katan ɗin da ya fita daga kasuwar Singa ta Kano yau, jibi yana teburin mai shayi a Ɗambatta ko Kazaure, wani ma ya tsallaka Maraɗi. Mai shayi ya huda ya tsiyaya, wanda ya sha bai ma ga gwangwanin ba.

Kana ƙarami a 2021, gab da azumi, lokacin da mutanen Kano suka riƙa cika asibitoci da amai da fitsarin jini. Ɗaruruwa suka kwanta, wasu ƙodarsu ta taɓu, aka rasa rayuka. Da aka bi sawu, sai aka tarar da garin haɗa lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Kayan nan ta hannun 'yan kasuwa irinmu suka bi. Akwai ɗan dakon da ya sauke buhun, akwai yaron shagon da ya ƙulla a leda, kuma ina da yaƙinin wani a cikinsu ya ga abin da bai kwanta masa ba ya ce ba ruwansa.

To, ƙara za a kai. Amma ba da fatar baki ba. "Na gani da idona" ba ta tsayawa a gaban hukuma in mai shago ya ce hassada ce, kuma zai faɗa, tunda layi ɗaya muke, kaya iri ɗaya muke sayarwa. Za a tura wanda ba su sani ba ya sayi gwangwani biyu ya karɓi rasit. Ba za a buɗe ba. A ɗauki hoton gindin, da lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da lambar rukunin da kamfani ya buga. Wannan lambar ta ƙarshe ita ke tona asiri, don kamfani ya san ranar da ya yi kowane rukuni, ko an sauya kwanan wata littafinsa bai sauya ba. Sau da yawa ma za ka ga inuwar tsohon rubutu, ko tawadar sabon ta bi yatsa in ka murza.

Wuraren kai kuka suna da dama. In ƙazanta ce, ɓeraye a sito ko ruɓaɓɓen nama, aikin duba-gari ne na ƙaramar hukuma. In an cuce ka a ciniki an hana ka kuɗinka, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, da ta tarayya, FCCPC. Kayan gwangwani da na kwalba da na leda da aka taɓa wa kwanan wata kuwa, na NAFDAC ne. Tun 1993 aka kafa ta don wannan, tana da ofis a nan Kano da ɗakin gwaji a Kaduna, tana da ikon rufe sito ta kwashe kaya ta ƙona.

Na san za ka ce me zai hana mu fara gaya wa shugabannin kasuwa. A yawancin rigingimu can nake farawa, kuma ina girmama su. A wannan dai ban yarda ba. Magana in ta shiga ofishin ƙungiya da safe, kafin la'asar ta kai kunnen mai ita. Daren nan zai loda kayan a mota, su ɓace cikin kasuwannin ƙauye inda babu mai duba gindin gwangwani. Ka ga mun kore gubar daga gabanmu mun tura wa waɗanda asibiti ya fi yi wa nisa.

Wayar nan taka kuma ka riƙe ta. Kar in ga hoton shagon mutum a Facebook. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, 'yan sanda suka kama ta, maganar ta kai kotu. Ita ra'ayinta ta faɗa a kan ɗanɗano, balle kai da za ka kira sunan mutum da laifi. Ban da haka, masu wannan harka ba sa wasa. Dora Akunyili tana shugabar NAFDAC sukutum aka buɗe wa motarta wuta a Disambar 2003, harsashi ya huda ɗankwalinta. Kai yaron shago ne mai kwana a Fagge.

Don haka ba kai za ka je ba. Ni zan sa hannu a takardar, in roƙe su su sakaya sunana, in ma ya fita na fi ka ƙashin ɗauka. Kai naka ka kame bakinka, ko abokinka Ɗanladi kar ya ji. Gobe bayan azahar zan sa ƙanin Hajiya ya je ya sayo gwangwanayen. Kafin nan ɗauko tocila mu shiga namu siton, akwai katan takwas na tumatir a lungun hagu da na daɗe ban juya gindinsu ba.